Tseren Motoci da Hanyoyinmu: Yadda Wasu Suka Gaji da Binne Abokansu

Ranar 29 ga Nuwamba 2020, a filin tseren motoci na ƙasar Baharain, wani direba mai suna Romain Grosjean ya kauce daga kwalta tun a zagayen farko, motarsa ta daki shingen ƙarfe tana gudun kilomita 192 a awa. Motar ta rabe gida biyu, mai ya kama da wuta, gabanta inda direban yake ya soke cikin shingen. Na'urar da ke jikin motar ta nuna cewa a lokacin karon jikinsa ya ɗauki nauyin da ya ninka nasa sau 67. Bayan daƙiƙa kusan 28 sai ga mutum ya ɓullo daga cikin harshen wuta, likita ya janyo shi ya tsallake shingen. Abin da ya samu ƙuna ce a bayan hannayensa. Bayan 'yan kwanaki aka sallame shi daga asibiti.

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga garin Yana ta bi ta Shira zuwa Azare, ko babban titin Kano zuwa Maiduguri da ya ratsa ƙasar Katagum, ya san cewa a wurinmu ba sai an kai rabin wannan gudun ba ake kwasar gawa. Taya ta fashe wa Golf, ko Sharon ta yi taho-mu-gama da tirela, kafin la'asar an yi jana'iza, a yi wa juna gaisuwa, a ce Allah ya kiyaye gaba. To me ya sa wancan ya fita da ƙafarsa? Jikinsa bai fi namu ƙwari ba. Abin da ya tsaya masa, bayan ikon Allah, aiki ne na shekaru masu yawa da wasu mutane suka yi, kuma tarihin aikin ya cancanci mu san shi ko da ba mu taɓa zama kallon tseren mota ba.

Gasar da ake magana ita ce Formula 1, uwar gasannin tseren motoci, wadda hukumar FIA mai hedikwata a Paris ke kula da dokokinta. An fara ta a 1950 a filin Silverstone na Ingila. Motocinta ba irin na titi ba ne: kujera ɗaya, tayoyi a waje, ba rufi, direba kusan a kwance yake a ciki. Kimanin motoci 20 ke tashi tare, su yi ta zagaya fili har su cinye wajen kilomita 305 cikin awa ɗaya da rabi, inda hanya ta miƙe kuwa suna wuce kilomita 300 a awa. Tun 2021 har a Jidda ana yin ta, ana kuma yin ta a Katar da Abu Dhabi, kuma matasanmu da yawa sun san Lewis Hamilton, baƙar fata ɗaya tilo da ya taɓa cin kambinta, har sau bakwai.

A shekarun farko direba kan shiga mota da rigar auduga da 'yar hula marar kauri, tankunan mai a gefensa da bayansa. Da gangan ba ya ɗaura bel, domin a ganinsu gara mota ta yi jifa da kai da ka maƙale cikinta tana ci da wuta. Filayen kuwa yawancinsu titunan gari da na ƙauye ne aka tare. Bishiyoyi da gidaje da turakun waya duk suna nan a bakin kwalta, 'yan kallo a tsaye bayan damman ciyawa. Ranar 11 ga Yuni 1955, a gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, Marsandin Pierre Levegh ta hau bayan wata mota ta tashi sama, ta tarwatse cikin jama'a. Fiye da mutum 80 suka mutu, kuma ba a tsayar da tseren ba. Kamfanin Mercedes ya janye a ƙarshen shekarar, bai koma tseren fili ba sai bayan shekara 30 da ɗoriya, Suwizalan kuma ta haramta irin wannan tsere a ƙasarta. A 1961 a Monza ta Italiya, Wolfgang von Trips ya mutu tare da 'yan kallo 15, nan ma aka ci gaba da gudu. Afirka ta ga nata a gasar Maroko ta 1958, inda Stuart Lewis-Evans ya ƙone kusa da Kasabalanka, ya cika bayan kwana shida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da wancan zamani shi ne bakin mutane. In direba ya mutu, masu fili da 'yan jarida da su kansu direbobin magana ɗaya suke yi: wanda ya shiga ya san abin da ya shiga, sana'ar maza ce, mai tsoro ya koma gida. In an matsa, a ce mamacin ne ya yi kuskure. Da an faɗi haka zance ya mutu, ba mai tambayar dalilin barin itace a daidai kwanar, ko dalilin fashewar tankin. Kunnenmu ya saba da wannan. Mu ma abu biyu muke faɗa, ko kwana ne ya ƙare, ko direba ne ya yi ganganci.

Wanda ya fara tsinka wannan zance shi ne Jackie Stewart, ɗan Sikotilan. A 1966, a filin Spa na Beljiyam, ruwan sama ya tsuge a zagayen farko, motarsa ta zame ta bar hanya, ta daki turken waya da wata bukka, ta tsaya a jikin ginin wani manomi. Motar ta lanƙwashe, sandar sitiyari ta tokare masa ƙafa, tanki ya fashe, fetur ya cika wurin zamansa yana cin fatarsa. Babu ma'aikacin ceto ko ɗaya a kusa. Direbobi biyu da su ma suka zame a wurin, Graham Hill da Bob Bondurant, su suka zo, suka ari sufana a wurin wani ɗan kallo suka kwance sitiyarin. Kusan minti 25 ya yi cikin fetur, da tartsatsi ɗaya ya tashi da shi ke nan. Da aka kai shi wurin da ake kira ɗakin jinya, a ƙasa aka ajiye shi cikin guntayen taba sigari. Motar asibitin da ta ɗauke shi kuma ta ɓata hanya kafin ta kai birnin Liège.

Daga ranar ya riƙa liƙa sufana a cikin motarsa, ya ɗauki likitansa na kansa. Ya shiga neman a sa shinge, a sare itatuwa, a tilasta bel da hular kwano mai rufe fuska da rigar da wuta ba ta saurin ci. Aka ce matsoraci ne, zai kashe wa wasa armashi. Mace-macen da suka biyo baya suka gaskata shi. A 1968 kaɗai, Jim Clark, wanda kowa ya yarda ba kamarsa a zamanin, ya daki itatuwa a Hockenheim ta Jamus a watan Afrilu, Mike Spence ya bi a Mayu, Ludovico Scarfiotti a Yuni, Jo Schlesser a Yuli. Mutuwar Clark ta girgiza su ƙwarai, domin in ƙwarewa ce ke tsare rai, shi zai fi kowa tsira. A 1970 Jochen Rindt ya yi karo a Monza. Ya ɗaura bel amma ya bar madaurin da ke bi tsakanin cinyoyi don ya samu saurin fita in wuta ta tashi, sai ya zame ƙarƙashin bel ɗin ya ji raunin da ya kashe shi. Shi kaɗai ne aka taɓa ba kambin duniya yana kabari.

Direbobin suka haɗa kai ƙarƙashin ƙungiyarsu ta GPDA. A 1969 suka ƙi zuwa Spa, aka soke gasar. A 1970 suka ƙi filin Nürburgring har sai an gyara shi. Stewart ya ci kambin duniya a 1969 da 1971 da 1973, saboda haka ba mai iya cewa gudun ne ya gagare shi. A ƙarshen 1973 abokin aikinsa François Cevert ya mutu a Amurka ana gobe gasa, shi kuma ya ajiye sitiyari daga nan.

Akwai hoton bidiyo na shekarar nan ta 1973 da ke da wuyar kallo. A Zandvoort ta Holan motar Roger Williamson ta kife ta kama da wuta, shi kuwa bai ji wani mugun rauni ba, yana ciki yana neman taimako. David Purley ya tsayar da tasa motar ana tsakiyar tsere, ya tsallaka da gudu, ya sa kafaɗa yana ƙoƙarin birkice motar shi kaɗai. Ma'aikatan fili na tsaye da rigunan gida, zafi ya hana su matsowa. Tukunyar kashe wutar da ya karɓa ta ƙare ba ta yi komai ba. Kafin motar kwana-kwana ta iso, bayan kusan minti takwas, hayaƙi ya riga ya kashe Williamson. Bayan shekara huɗu, a Kyalami ta Afirka ta Kudu, wani ma'aikacin fili ɗan shekara 19 ya tsallaka titi da tukunyar kashe wuta don ya taimaki wata mota. Tom Pryce ya taho a guje ya buge shi, tukunyar ta daki kan Pryce, su biyun suka mutu nan take. Kyakkyawar niyya ce ta fitar da yaron, sai dai ba a koya masa lokacin da ake tsallakawa ba.

A 1978 Bernie Ecclestone, mai juya harkar kuɗin gasar, ya ɗauko Farfesa Sid Watkins, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Landan. 'Yan watanni da kama aikinsa aka yi haɗari a Monza, 'yan sanda suka kewaye wurin har shi kansa suka hana shiga, Ronnie Peterson ya mutu washegari. Daga nan Watkins ya kafa sharuɗɗan da har yau ake bi: motar likita ta bi bayan masu tsere a zagayen farko, a samu ƙaramin asibiti cikin fili, jirgi mai saukar ungulu ya tsaya a shirye, in babu waɗannan babu tsere. Motar likitan nan ce ta isa wurin Grosjean cikin 'yan daƙiƙoƙi, Dokta Ian Roberts a ciki, Alan van der Merwe ɗan Afirka ta Kudu na tuƙi. A 1981 kamfanin McLaren ya ƙera mota da zaren kabon, wurin zaman direba ya zama ɗaki guda mai ƙarfi da ba ya murƙushewa, sauran jikin motar kuma aka tsara shi ya farfashe ya shanye dukan. Tankin mai ya koma jakar roba mai tauri da ba ta saurin hujewa.

Daga tsakiyar 1982 aka yi kusan shekara 12 ba direban da ya mutu a ranakun gasa, har aka fara sakin jiki. Sai Imola ta Italiya a 1994. Ranar Juma'a Rubens Barrichello ya yi mummunan haɗari ya tsira. Asabar 30 ga Afrilu Roland Ratzenberger ɗan Ostiriya ya mutu. Lahadi 1 ga Mayu, Ayrton Senna na Burazil, mai kambi uku, yana kan gaba, motarsa ta miƙe a kwanar Tamburello ta daki bangon siminti, ƙarfen da ke riƙe taya ya huda hular kwanonsa, duniya na kallo a talabijin. Burazil ta yi makokin kwana uku. Kotunan Italiya sun yi shekara da shekaru suna shari'a, daga ƙarshe suka tsaya a kan cewa sandar sitiyarin ce ta karye.

Abin da ya fi ciwo shi ne an san kwanar. Nelson Piquet ya daki bangon a 1987, Gerhard Berger ya dake shi a 1989 har motarsa ta kama da wuta. An duba ko za a ja bangon baya, aka ga kogi ne a bayansa, aka haƙura. Da Senna ya mutu, cikin shekara guda aka sake wa kwanar fasali aka karya gudunta. Kowace hanya tamu tana da irin wannan wuri. Tambayi direban tasha mai jigila tsakanin Yana da Giade, ko Azare da Misau, zai lissafa maka kwanar da ke cin mutane, da gadar da ta matse, da mararrabar da kasuwa ta cinye rabin kwaltarta. Sanin yana nan a bakin direbobi, ba a dai rubuta shi an kai inda za a yi aiki da shi ba.

Bayan Imola aka daina gyaran faci-faci. Shugaban FIA na lokacin, Max Mosley, ya kafa kwamitin masana ƙarƙashin Watkins, kowane haɗari ya zama abin bincike. Tun 1997 kowace mota na ɗauke da na'urar da ke adana abin da ya faru a lokacin karo. Kafin a yarda mota ta shiga gasa sai an gwada ta da duka a ɗakin gwaji, gaba da baya da gefe. Aka ɗaga gefen wurin zama ya kare kan direba, aka ɗaure tayoyi da igiyoyi masu ƙarfi don kada su fizge su tashi, a 2003 aka tilasta wani abin wuya da ke haɗa hular kwano da kafaɗa don kada wuya ya karye. Duk a kan magana ɗaya aka gina wannan: direba zai yi kuskure komai ƙwarewarsa, ƙarfe zai karye komai ingancinsa, saboda haka a shirya mota da hanya yadda kuskuren ba zai kai ga rasa rai ba. Motocin ba su rage gudu ba, amma aka shekara 20 ba a rasa direba a gasa ba. A Oktoban 2014, cikin ruwan sama a Suzuka ta Japan, Jules Bianchi ya zame ya shige ƙarƙashin motar ɗaga kaya da ke janye wata motar, ya cika a Yulin 2015. A 2018 aka tilasta halo, wani ƙarfen taitaniyam mai ƙafa uku da ke kewaye kan direba, mai iya ɗaukar nauyin tan 12. Direbobi da yawa suka ce ya ɓata wa mota kyau, Grosjean na cikin waɗanda suka ƙi shi. Ƙarfen nan ne ya buɗe shingen Baharain ya kare masa kai, kuma daga gadon asibiti ya fito fili ya faɗi haka.

A cikin shekaru 20 ɗin da ake alfahari da su, ma'aikatan fili uku sun mutu, a Monza a 2000, a Melbourne a 2001, a Montreal a 2013. Sunayensu ba su yi tashe ba. Wannan batu na ran wa ake ƙirgawa ya fi fitowa fili a tseren da ya taɓa ratsa ƙasar Hausa ta Nijar. Ranar 26 ga Disamba 1978 Thierry Sabine ya tashi ayarin motoci da babura daga Paris zuwa Dakar, ta Aljeriya da Nijar da Mali. Shekara da shekaru Agadas ce babban masaukin ayarin, su keta Tenere su sauko Tawa ko Damagaram su wuce Yamai. Mutanen Agadas sun ci kasuwa da su, masu jagora da bakanikai da masu masauki. Masu tseren sun mutu su ma. Sabine kansa ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986, a 1988 kuma babbar motar DAF ta wuntsila a Tenere ta kashe ɗaya daga cikin mutanenta. Waɗannan an san su, ana tunawa da su. Amma a 1988 ɗin nan motar tsere ta kashe yarinya 'yar shekara 10 a garin Kita na Mali, wata motar ayarin ta kashe uwa da 'yarta a Muritaniya. A 2006 yara maza biyu suka mutu kwana ɗaya tsakani, ɗaya a Gini ɗaya a Sanagal. Su ba su sa hannu a takardar yarda da haɗari ba, ƙauyensu ne kawai ya faɗo a kan taswirar wasu. Kuma ba mutuwarsu ce ta fitar da tseren daga Afirka ba. Barazanar 'yan bindiga a Muritaniya ce ta sa aka soke na 2008, aka koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya.

Mu dawo gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma Afirka, duk da ƙarancin motocinta, ita ke da kaso mafi muni in aka auna da yawan jama'a. A Najeriya hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana rubuta mutuwar fiye da mutum 5,000 a shekara. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai gare ta, wanda aka ɗauke daga bakin hanya aka binne kafin magariba sau da yawa ba ya shiga lissafi. Dokoki kam muna da su: bel tun 2003, hular kwano ga masu babur tun 2009, da na'urar taƙaita gudu ga motocin haya.

Je ka tsaya a tasha ka ga lodin Golf. Mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, wani lokaci da yaro a cinya, but a buɗe an ɗaure shi da igiya a kan buhuna. Kujerar gaban bel ɗaya gare ta, da an zauna biyu ya tashi daga aiki. Na baya an daɗe da cusa su ƙarƙashin kujera. Direba ya yafa nasa a ƙirji in ya hango jami'ai, ya sake shi in ya wuce. Tayoyin kuwa 'yan gwanjo ne da suka gama shekarunsu a Turai, aka ɗora su kan kwaltar watan Afrilu. Abin takaici, da yawa cikin motocin da muke saye ta Kwatano sun ci gajiyar Imola, domin gwajin karo na Euro NCAP da aka fara a 1997, wanda Mosley da FIA suka tsaya masa, ya tilasta wa kamfanoni ƙarfafa wurin zaman fasinja. Sai dai an gwada su ne da mutum ɗaya a kujera ɗaya, ɗaure da bel, kuma bincike ya nuna bel na rage mutuwar na gaban mota da kusan rabi. An mai da sassan titin Kano zuwa Maiduguri tagwaye don a rage taho-mu-gama, wannan alheri ne, amma sabuwar kwalta na kiran ƙafa. In aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin duka sau huɗu yake ninkuwa. Mai gudun 120 yana shan duka fiye da ninki biyu na mai gudun 80.

Na san abin da za a ce, domin ni ma na yi imani da shi: rai ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya koya mana riƙo da sababi. Manzon Allah (SAW), wanda ba wanda ya kai shi tawakkali, sulke biyu ya sa ranar Uhudu. Kakanninmu na Katagum da Shira ba su fita fagen fama da 'yar shara ba, lifidi da sulke da kwalkwali suka sa, har yau muna ganin 'yan lifidi a hawan Sallah, kuma ba wanda ya taɓa kiransu matsorata. Dattijon da ya ce, "Malam direba, don Allah ka sassauta," bai yi raunin imani ba. Direban da ya amsa masa da, "Baba, in kwana bai ƙare ba ba abin da zai faru," ya ɗauki maganar gaskiya ya rufe gangancinsa da ita, alhali rayukan mutane amana ne a hannunsa.

Adalci ne a faɗi inda filin tsere ya bambanta da titinmu. Can 'yan direbobi kaɗan ake karewa da dukiyar da ba mu da irinta. Motocin duk hannu ɗaya suke bi, ba saniya, ba ɗan acaɓa, ba tirelar da ta mutu a tsakiyar hanya da dare aka sa mata ganye maimakon fitila. Direban Golf kuma ba don mugunta yake ɗaukar shida ba. Ga kuɗin mai, ga balas na mai mota, ga kamasho, ga na hanya. In ya ɗauki huɗu ba zai je gida da komai ba sai an ƙara kuɗin mota, fasinja kuwa ba shi da shi. Amma abubuwan da suka fara rage mutuwa a filin tsere ba masu tsadar ba ne. Bel ne, da shinge a inda aka san ana faɗawa, da mutumin da ya san abin yi a mintunan farko, da direbobin da suka yi magana da murya ɗaya.

Muna da namu masu son gudu. Samarin da ke wasan mota da babur ranar ɗaurin aure, suna juyi a tsakiyar jama'a yara na tafi a bakin kwalta, ƙaramar Le Mans suke shiryawa ba su sani ba. Kenya na da tseren Safari tun 1953, bikin Argungu na da nasa tseren motoci, Ruwanda kuma ta bayyana a Disamban 2024 cewa tana neman Formula 1, wadda rabonta da Afirka tun Kyalami a 1993. In za a yi wasan gudu, a yi shi a killataccen fili, da shinge da hular kwano da motar asibiti a tsaye.

Direbobin tsere ba su jira hukuma ta ji tausayinsu ba, ƙungiyarsu ce ta ce ba za a tashi ba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW na da reshe a kusan kowace tasha, kuma tana da ikon hana mota lodi. Ikon da ke tsara layi ya karɓi kuɗin tikiti zai iya duba taya, ya hana wanda ya kwana yana tuƙi juyawa, ya buɗe littafin da za a rubuta kowane haɗari, inda ya faru da lokacinsa da abin da ya jawo shi. Shekara guda ta ishi littafin ya nuna wuraren da ya kamata a fara gyarawa, a kai wa masu aikin hanya a rubuce.

Sai ceto. Wanda ya taɓa isa wurin haɗari a hanyoyinmu ya ga zuciyar mutanenmu. Kafin ƙura ta lafa manoma sun yar da fartanya, masu shayi da masu faci sun iso. Amma sai a kama mutum hannu da ƙafa a fizgo shi ta taga, kai na lilo, a kwara masa ruwa, a ɗura masa wani a baki, a naɗe shi a bayan a-kori-kura. Wanda ƙashin wuyansa ya tsage kawai, a wannan ɗaukar lakarsa ke tsinkewa. A filin tsere da kujerarsa ake ciro direba, wuya a tallafe. Taruwa a wurin ma tana da nata haɗarin. A Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, nan maƙwabtanmu. Jama'a suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 150.

Yawancin ma'aikatan filin Formula 1, masu ɗaga tuta da kashe wuta, 'yan sa-kai ne masu sana'o'insu da aka horar. Namu 'yan sa-kan suna bakin hanya tun tuni, horon yini ɗaya ko biyu ne suka rasa: a kashe makullin mota, a tare hanya daga nesa don kada wata ta afko, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, a tallafe kai da wuya a ɗauki mutum a miƙe a kan ƙyaure ko katako, kada a ba shi ruwa, a kori kowa daga tankar da ta faɗi, a kira lambar gaggawa ta FRSC, 122. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ya kamata mai taimako ya san haka don kada tsoron tambayoyi ya sa ya wuce. Akwai asibitin tarayya a Azare, akwai jami'an FRSC da 'yan agajin ƙungiyoyin addini da na Red Cross da suka iya wannan aiki. Hakimai da shugabannin tasha na Yana da Shira da Giade za su iya tara masu shayi da masu faci da 'yan acaɓan bakin titi a makarantar firamare ranar da ba kasuwa, a koya musu kafin zirga-zirgar Sallah mai zuwa.